Wanda Muke Aikawa Kallo

Yaran yanzu ba su san daɗin kallo ba, na faɗa kuma zan sake faɗa. Kowa ya rungumi wayarsa, ya toshe kunnuwa, ya koma lungu shi kaɗai, ana sare kawunan mutane a tafin hannunsa amma shi ko gezau. Kwanakin baya na leƙa ta kafaɗar wani jikana, sai na ga irin finafinan Sinawan nan ne na da, masu takubba da dogon gashi, har an ɗora musu fassarar Hausa. Na ce ya ƙaro sauti in ji. Ban daɗe ina saurare ba na ce ya kashe. Ba wai mai fassarar bai iya ba ne, yana ƙoƙari daidai gwargwado. Ni dai na riga na ji wanda ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma tuna shi ciwo yake mini har gobe.

A zamaninmu, a unguwarmu cikin birnin Kano, ba kowa ke zuwa silima ba. Iyaye ba sa so, aljihu ma ba ya so. Sai samarin layinmu suka fito da dabara: a haɗa ɗan abin da ya samu, a aiki mutum ɗaya ya je ya kallo wa kowa. An gwada mutane. Akwai wanda muka aika ya dawo ya ce mana, "An yi faɗa sosai, jarumin ne ya ci." Shi ke nan labarin! Saura kaɗan a yi masa dukan da ya gano a can. Daga ƙarshe kowa ya sallama cewa aikin nan na mutum ɗaya ne, yayana da nake bi. Ɗinki yake koyo a lokacin, siriri ne kamar ba ya cin abinci, amma Allah Ya yi masa baki.

Washegarin kallo, da la'asar, in mun gama ɗebo ruwa, mun ba tumaki dusa, mun yayyafa wa zaure ruwa, sai ka ga layin ya cika. Yaya zai sauka daga kan keken ɗinki, ya karkaɗe zaren da ya manne masa, ya tsaya a tsakiya yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya har sai an yi tsit. Ko kalma ɗaya ta Sinanci ba ya ji, amma zai sa musu magana a baki irin ta bakin kasuwarmu. "Kai ɗan nema, ni na kashe malaminka, in ka isa matso!" Sunayensu ma shi ya raɗa, akwai Mai Tabo, akwai Dogon Banza, akwai Na Gidan Shinkafa. Busasshen karan dawa yake ɓoyewa a hammata, in an zo karya hannun wani sai ya matse, ka ji ƙaras, mata a cikin gida su saki salati. Hannun rigarsa mai faɗi yake fyaɗawa, fat, fat, ƙarar naushi ke nan. Zoɓo yake guntsa in za a yi aman jini. Kuma finafinan nan ba wasa a cikinsu, a ƙwaƙule ido, a guntule hannu jini na tsartuwa, mutum ɗaya ya shiga gida ya fito ya bar gawa a kan gawa. Gwaggonmu, yayar babanmu, idonta ya daɗe da tafiya, tana zaune a bayan ƙyaure tana ji. Kullum tambayarta ɗaya ce. "To wai su wa za su yi musu wanka? Wannan gawa haka wa zai binne?" Yaya ya ce, "Gwaggo, kwantar da hankalinki, a fim na gaba duk za su tashi." Babanmu kuwa yana gefe da carbi, yana tsaki, yana cewa mutanen banza marasa sana'a sai kashe juna. Ban taɓa ganin ya tashi kafin a gama ba.

Akwai wurin da Yaya ya fi ƙauna, kuma kowane fim yana da shi. A tsakiya sai an kama jarumin an yi masa lilis, a karya shi, a yar da shi a bakin rafi. A nan Yaya yake rage murya. Sai wani tsoho mai dogon gemu ya tsince shi, ya kai shi bukkarsa a kan dutse, ya sossoka masa allurai, ya dafa masa saiwoyi, ya yi ta jinyarsa. Yaya zai kwanta a ƙasan zaure, ya saki hannu kamar matacce, ya bar mu muna kallon hannun. Can sai ɗan yatsa guda ya motsa. Wallahi ihun da muke yi har layin baya ana ji. Yakan tashi yana karkaɗe riga ya ce, "A ƙasar Sin, in dai da sauran numfashi, ba a barin mutum a karye." Mu kuwa mun yarda. Me zai hana? Duk mako muna gani.

Aka yi ta tafiya, silima ta mutu, zaure ya watse, kowa ya kama neman abinci. Yaya ya zama tela mai shago da iyali. Ni na faɗa kasuwanci, Allah Ya buɗe mini hanyar Guangzhou ta ƙasar Sin, ina saro zif da maɓallai da kayan keken ɗinki. Duk dawowar da zan yi, kafin ya tambayi tsaraba sai ya ce, "Auta, ka gan su kuwa?" In ce, "Yaya, 'yan kasuwa ne kamar mu, sun ma fi mu son ciniki." Ya girgiza kai. "Kai dai ba ka iya kallo ba ne, tun kana yaro."

Wata rana da hantsi ya faɗi a kan keken ɗinkinsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya tafi. Mutumin da ke da murya ta kowa da kowa ya koma kalma ɗaya tal yake iya fitarwa, "to". In yana jin ƙishirwa, to. In ransa ya ɓaci, to. Asibiti an je, na gargajiya an yi, rubutu an sha, damina ta zo ta wuce wata ta sake zuwa. Ranar da na je yi masa sallama zan yi tafiya, ya damƙe mini riga da hannun hagu. Ya nuna wani kwali na mai rubutun Sinawa a jingine, ya shafa gemu ya ja shi har ƙirji, sannan ya yi ta soka wa mataccen hannun ɗan yatsa. Matarsa ta ce, "Alhaji, kwana da kwanaki abin da yake nuna mini ke nan, na rasa gane kansa." Ni na gane, wurin tsohon nan mai allurai yake so a kai shi. Na san ƙasar, shekaru nake zuwa, ban taɓa ganin bukka a kan dutse ba. Amma yaron nan na zaure yana nan a cikina bai mutu ba. Na ce a raina hannun ma in bai dawo ba na haƙura, bakin nake so. In sake jin Yaya ya yi magana, ko da zagina ne.

Ba mu tashi zuwa ba sai a shekarar da ƙasar ke karɓar wasannin Olamfik, kuma ban ga shekarar da ta fi ta wuya ga baƙo ba. Biza da ƙyar, ita ma gajeriya. Guangzhou an wanke ta tas, an kori masu talla daga bakin titi, tutoci ko'ina, fasfo kuwa dole ya kwana a aljihunka. Muka sauka kusa da tashar jirgin ƙasa, bayan titin Liuhua, a ɗakin da nake rabawa da wani abokin cinikina Bamaraɗe. Shi ya bar wa Yaya gadon da ke kusa da banɗaki. Ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, wanga ciwo na haƙuri na, ba na tahiya ba. Amma tunda kun taho, Allah Shi sa a dace." A gidan da muke cin tuwo a saman bene, da na faɗi abin da ya kawo mu, na ɗauka dariya za a yi mana. Ina! Sai ga dattawa masu furfura, na Yamai, na zangon Kumasi, har da wani Balarabe, kowa ya ajiye cokali yana ba da labarin tasa silimar mara rufi. Ashe duk duniya aka raba wa finafinan nan, kuma kowa ya san tsohon nan mai allurai. Yaya yana tsakiyarsu yana juya ido daga wannan zuwa wancan, yana gyaɗa kai, wani wurin yana ɗaga hannu alamar ba haka aka yi ba.

Ranar fara zuwa asibiti ya sa na saka masa babbar rigarsa ta Juma'a, na karya masa hula. Muka hau na'urar hawa bene, muka bi layi, aka kira mu. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi 'yarsa ta fari ba, da farar riga da ƙyalle a baki. Yaya ya dube ta, ya dube ni, sannan ya leƙa bayanta yana neman wanda zai fito. Babu kowa sai labule. Allah Sarki, duk da haka ya miƙa kansa. Allurai a ka, a wuya, a hannu, har ƙarƙashin harshe, wasu a maƙala musu waya su yi ta rawa. Ko ƙiftawa ba ya yi. Kullum da safe in tura shi a keken guragu mu je, in mun dawo in zauna a gabansa kamar mai koya wa jariri. "Yaya, ce Auta." Ya tattaro ƙarfinsa duka, ya ce to. "Yaya, ce ruwa." To. Bamaraɗen yakan ɗauki buta ya fita, ya ce ba ya iya gani.

A hanyarmu akwai lambu mai tafki, inda tsofaffin Sinawa ke taruwa da safe suna wani motsi a hankali, su ɗaga hannu, su ture iska, su juya. Ranar da Yaya ya fara ganinsu ya riƙe tayar keken gam, fuskarsa ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Tun daga nan sai mun tsaya. Cikinsu akwai wani tsoho da na sani, mahaifin laban ɗin da nake sayen zif a wurinsa. Laban shi ne maigida, haka muke kiran duk mai shago. Wata safiya muka tarar da ɗan ya rako uban, sai na ce ga dama ta samu, tunda ni da shi muna fahimtar juna da Turancin kasuwa. Na ce, "Laban, gaya wa babanka, yayan nan nawa babu fim ɗinku na faɗa da bai haddace ba. Gari guda yake tarawa yana ba da labarinsu." Ya faɗa masa. Tsohon ya yi dariya har da riƙe gwiwa, ya yi doguwar magana. Ɗan ya ce, "Ya ce lokacin da yake saurayi ba a nuna su a nan. A Hong Kong ake yi, a tura muku can ƙasashen waje. Shi yana ƙauye cikin taɓo yana dasa shinkafa. Sai da ya yi furfura ya fara ganin ɗaya, kuma barci ya kwashe shi." Na ce to wannan motsin da suke yi fa? Ya ce na gwiwa ne, da saukar da abinci. Na sassauta murya na ce, su tsofaffin nan na kan dutse masu tayar da karyayye, ina ake samunsu? Ya dube ni da tausayi, ya kaɗa hannu. "Meyo, abokina. A fim ne kawai."

Meyo shi ne babu. Ita ce kalmar da kowane baƙo yake fara koya a garin nan, kuma Yaya ya sha jin ta a kasuwa. Na juyo na ga ya ji. Na ɗauka zai ce mu tafi, sai ya yi mini alama in ɗaga shi. Na ce, "Haba Yaya, a nan?" Ya harare ni irin hararar da. Na tallafo shi ta ƙugu ya miƙe a kan ƙafa ɗaya. So yake ya nuna musu abin da ba su gani ba, abin da aka yi da sunansu. Ya ɗaga hannun hagu ya fyaɗa hannun riga. Fat! Wallahi sautin nan bai canza ba. Tsofaffin suka dakata, suka zagaye mu. Ya murtuke fuska ya zama mugu, ya sake ta ya zama jarumi, ya kare, ya kai sara, ya sunkuya kamar an soke shi. Ina riƙe da shi, ina gane kowane wuri. Aka zo inda jarumi zai miƙe ya kira sunan wanda ya kashe malaminsa. Yaya ya cika ƙirji, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya buɗe baki iya buɗewa. Na ce a raina yau ce, yau Allah zai yi. Abin da ya fito ɗan ƙaramin "to" ne, yawu na biye da shi. Ya sake gwadawa. Ya kuma sakewa.

Tsofaffin suka yi masa tafi, mutanen kirki, wata tsohuwa har da ɗaga babban yatsa. Tafin nan ya fi mari zafi. Na zaunar da shi ina goge masa baki da gefen rigata. Mahaifin laban ya matso, ya durƙusa da ƙyar, ya ɗauki mataccen hannun ya riƙe cikin nasa biyu, ya faɗi wata gajeriyar magana. Ɗan bai fassara ba, ni ma ban tambaya ba. Ni da gemuna, a tsakiyar mutane, a ƙasar da ba tawa ba, na yi kuka kamar an aiko mini da mutuwa.

Ba a daɗe ba likitar ta sa aka samo mai fassara, ta zaunar da ni. Ta ce lokaci ya ja da yawa, wurin da magana take a ƙwaƙwalwarsa ya riga ya mutu, allura za ta rage masa sanƙarewa amma ba za ta dawo da harshe ba. Ta ce in mayar da shi cikin danginsa, a riƙa yi masa hira. Raina ya ɓaci, na miƙe ina faɗa da Hausa tsagwaronta. "Ku fa kuka ce! Ku kuka nuna wa duniya kuna tayar da wanda aka karya wa gadon baya!" Bamaraɗen ya riƙo ni. "Alhaji, mi ta yi maka? Ba a haihe ta ba sa'adda anka yi su." Yarinyar ba ta ji haushi ba. Ta jira na huce, ta ce kakanta ma haka ya ƙare, kuma ita ta yi jinyarsa.

Bizarmu ta zo ƙarshe, ƙarin kwana kuwa a shekarar nan ko a mafarki. Duk da haka ban saduda ba. Da azahar na zauna a bakin gadonsa na ce, "Yaya, ƙasar nan da faɗi. Mu fita mu sake shigowa, in kai ka wani garin, akwai masu duwatsu can arewa, za mu nema." A talabijin ana ta maimaita bikin buɗe wasanni, dubban samari cikin fararen kaya suna tsalle suna naushin iska, duniya na tafi. Ya nuna akwatin da haɓa, na kashe. Sannan ya jawo babbar rigar nan tasa ta Juma'a, ya shimfiɗa a cinya, ya fara ninkewa da hannu ɗaya, yana danne gefe da gwiwar hannu. Na kai hannu zan taya shi ya buge ni. Ya daɗe yana yi, ya ninke ta tsaf, ninkin tela, ya sa a jaka ya ja zif. Bai dube ni ba. Ni na kawo shi da fata, shi ya mayar da ni gida, kamar yadda ya saba tun muna yara.

Ya ƙara 'yan shekaru a duniya, yana zaune a ƙofar shagonsa yana kallon yaransa na ɗinki. Bai sake nuna kwali ba, bai sake fyaɗa riga ba. Da damina Allah Ya karɓi abinsa, da sauƙi, bayan sallar asuba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara.

Yana da jika mace da aka haifa bayan ya faɗi, a cinyarsa ta yi wayo. Yanzu ta zama budurwa. Ranar nan ta kawo mini abinci, ta zauna tana wasa da bakin mayafi, can ta ce, "Kaka, kowa sai ya ce mini kakana mai baki ne. Ni ban taɓa ji ba. Wai yaya muryarsa take? Ba ku da kaset ko ɗaya?" Babu. A lokacin wa zai yi tunanin ɗaukar muryar Yaya, abin da muke ji safe da yamma har muna cewa ya yi mana shiru? Na ce mata tsaya in kwaikwaya miki. Na gyara zama, na buɗe baki. Duk muryoyin aron da ya taɓa yi suna nan a kunnena daram. Tasa ta kansa, wadda yake ce mini in miƙo almakashi, wadda yake gaishe da innarmu da ita, ita na laluba ko'ina na rasa. Ban san ranar da ta fita daga kaina ba.

Na ce, "Bari in tuna, 'yar nan." Ta ce ba komai, za ta jira. Ta zauna har abincin ya huce, sannan ta ɗauki kwanon ta ce bari ta ɗumamo mini.